Boeing 747: sharhi kan jirgi mai tozo, da abin da mai saye zai tarar a cikinsa

Ranar 31 ga Janairun 2023 kamfanin Boeing ya miƙa wa Atlas Air jirgin 747 na ƙarshe, cikon na 1,574 tun daga na farko da aka fito da shi a 1968. Daga ranar babu sabo a kasuwa. Mai son wannan jirgi yanzu sai dai ya sayi na hannu ko ya ɗauko haya, kuma akasarin waɗanda ke yawo samfurin 747-400 ne. Na fasinja a cikinsu an daina ƙera su tun 2005, wato ƙaraminsu ya kai shekara 20 a duniya. Shi ne jirgin nan mai tozo kamar bijimi, wanda duk mai raka maniyyata filin jirgin Malam Aminu Kano zai shaida shi tun daga nesa. Kabo Air ya daɗe yana jigilar alhazai da tsofaffin samfuransa, Max Air kuma ya zo da 747-300 da 747-400.

Hukuncinsa ba ya buƙatar dogon zance. Jirgi ne ƙaƙƙarfa, mai gudu, mai kwasar jama'a da kaya a sawu guda, amma ba ya yafe kujerar da ta tafi babu kowa. Inda ake da tabbacin cika shi maƙil, kamar aikin hajji ko dakon kaya, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. A zirga-zirgar fasinja ta yau da kullum kuwa, mai shi zai riƙa zuba kuɗi ne a rijiya. Dalilan ƙarfinsa da dalilan tsadarsa duk suna cikin yadda aka haife shi, don haka daga can ya kamata a faro.

William Boeing ɗan kasuwar katako ne a Seattle, kuma a 1916 ya kafa kamfanin, lokacin da jirgin sama bai wuce katako da yadi da waya ba. Yaƙin duniya na biyu ne ya mayar da kamfanin gawurtacce, da jiragen jefa bam B-17 da B-29. A 1954 ya gwada jirginsa na farko mai injin jet da aka tsara don jigila, wanda daga shi aka fitar da 707, Pan Am ya fara ɗaukar fasinja da shi tsakanin New York da Paris a Oktoban 1958. Cikin 'yan shekaru matafiya suka ninku, filayen jirage suka cunkushe. Juan Trippe, shugaban Pan Am, ya nemi jirgin da zai ninka 707 girma sau biyu da ɗoriya, Bill Allen na Boeing ya amsa. A Afrilun 1966 aka ƙulla cinikin jirage 25 a kan dala miliyan 525, alhali ko ginin da za a harhaɗa su a ciki babu. Sai da aka sare daji a Everett, arewa da Seattle, aka kafa masana'antar, ma'aikata suna haɗa jirgin farko ana kan aikin rufin ginin.

Tozon nan ba ado ba ne. A wancan lokaci masana sun sakankance cewa jiragen da suka fi sauti gudu, irin Concorde da wanda Boeing kansa yake zanawa, su za su kwashe fasinjojin dogon zango nan da 'yan shekaru. Joe Sutter, babban injiniyan aikin, sai ya tsara 747 ta yadda in fasinja sun guje masa zai koma ɗan dako. Ya faɗaɗa cikinsa har kwantena biyu masu faɗin ƙafa 8 su zauna kafaɗa da kafaɗa, ya ɗaga ɗakin matuƙa zuwa sama domin hanci ya buɗe a tura kaya kai tsaye. Rufin da aka ja a bayan ɗakin matuƙan don iska ta zame, shi ya zama tozo, daga baya aka sa masa kujeru. Hasashen masanan bai tabbata ba, gwamnatin Amurka ta janye kuɗinta daga jirgin Boeing mai gudun sauti a 1971, amma shirin ko-ta-kwanan da Sutter ya yi shi ne ke ciyar da 747 har yau.

Haihuwar ta zo da gardama. Jirgin ya fara tashi ranar 9 ga Fabrairun 1969, Jack Waddell na riƙe da shi, amma injinan JT9D na Pratt & Whitney suka ƙi ba da haɗin kai. In aka ba su wuta sosai, kwanson injin yakan lanƙwashe daga da'ira zuwa siffar ƙwai, ruwan farfela ya riƙa gogar bango. Jirage da dama suka yi jerin gwano a harabar Everett an rataya musu tubalan kankare a gurbin inji, don kada su kifa ta jela. Ko sawun farko na fasinja, daga New York zuwa Landan, sai da inji ya ɗauki zafi aka canza jirgi, aka tashi bayan tsakar dare, ranar 22 ga Janairun 1970. Bashi ya yi wa kamfanin katutu, kasuwa ta faɗi, ma'aikata suka ragu daga sama da 100,000 zuwa ƙasa da 40,000. A 1971 har allo aka kafa a bakin hanya ana roƙon wanda zai bar Seattle a ƙarshe ya kashe fitilu.

Samfuran da suka biyo baya, 747-200 a 1971, gajeren SP a 1976 da 747-300 mai dogon bene a 1983, yanzu tarihi ne kawai ga mai saye. Duk suna buƙatar mutum uku a ɗakin tuƙi, na ukun injiniya ne mai kula da mai da wuta da iska, kuma masu wannan lasisi sun kusa ƙarewa. Kowane irin araha aka yi musu, a bar su.

Abin da ke cikin 747-400

Wannan samfuri ya fara aiki a Fabrairun 1989 da kamfanin Northwest, an ƙera 694. Tsawonsa ya ɗan haura mita 70, daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 64 da 'yan kai, jelarsa ta kai mita 19 daga ƙasa. Mafi girman nauyin da zai tashi da shi wajen tan 397 ne. Tankunansa, haɗe da wanda aka sa a fiffiken jela, suna cin lita 216,000 da ɗoriya, wato tankar mai irin mai lita 33,000 sai an juye shida ba su cika shi ba. Da wannan yana iya yin kilomita 13,000 ba tare da ya sauka ba, a gudun kusan kilomita 900 a awa, kuma a jiragen fasinja na zamaninsa, in aka cire Concorde, kaɗan ne ke bin sawunsa. Matuƙa biyu sun isa, domin an mayar da agoguna da makunnai na ɗakin tuƙi daga 971 zuwa 365, sauran aikin kwamfuta ta karɓe.

Abin yabo na farko shi ne komai mai muhimmanci an yi shi ninki-ninki. Injina huɗu. Layin haidirolik huɗu, wato bututun mai masu matsi da ke motsa sassan sarrafa jirgi, kowanne da famfonsa da mansa. Ƙafafun tsakiya huɗu, kowacce da taya huɗu, ga biyu a hanci, taya 18 ke nan. An ga amfanin haka tun da wuri: a Yulin 1971 wani jirgin Pan Am ya bugi turakun fitilu yana tashi daga San Francisco, layin haidirolik uku suka fashe, da guda ɗayan da ya rage ya zagayo ya sauka, ba a rasa rai ba. A Yunin 1982 na British Airways ya kutsa cikin tokar aman wutar dutse a sararin Indunusiya, injinan huɗu suka mutu, ya yi ta gangarowa a hankali har suka fita daga tokar aka sake tayar da su.

Injin iri uku ne, kuma zaɓin yana da nauyi: PW4056 na Pratt & Whitney, CF6-80C2 na General Electric, da RB211-524 na Rolls-Royce. Ba a gauraya su a jirgi ɗaya, kuma kamfanin da ke da jirage biyu ko uku bai kamata ya tara iri daban-daban ba, don kowane iri da makanikansa da kayan aikinsa da safayarsa. CF6 ya fi sauƙin samu saboda dangin injin suna kan 767 da A300 da MD-11. Na Rolls-Royce yana da juriya, sai dai wuraren da ke buɗe cikinsa sun yi ƙaranci tun bayan da British Airways ya ajiye jiragensa 31 a 2020.

Ga wanda ke zaune a ciki

A tsarin aji uku kujerun 416 ne, a aikin hajji kuma akan shimfiɗa sama da 500. Jerin talakawa uku ne a hagu, huɗu a tsakiya, uku a dama, faɗin kujera wajen inci 17. Wuri mafi daɗi shi ne cikin hancin, inda bango ke tsukewa, domin injinan suna baya, ƙararsu ba ta isowa sosai, kuma na layin farko ya fi matuƙan kansu kusa da gaba. Benen ma shiru ne, sai dai akwatunan kaya na sama ƙanana ne kuma sai an hau matakala, bai dace da tsoho mai ciwon gwiwa ba. Can jela ƙara ta fi yawa, kuma in iska ta yi gardama nan ne ke lilo. Mai saurin amai ya nemi kujerar saitin fiffike.

Inda shekarunsa suka fi bayyana shi ne iskar ciki. Gangar jikin alminiyom ce, don haka matsin iskar yakan kai kwatankwacin tudu mai ƙafa 8,000, ga bushewa. Sababbi irin 787 suna riƙe da ƙafa 6,000 da ɗan danshi. Ga matashi bambancin ɗan ciwon kai ne. Ga dattijo mai hawan jini ko ciwon ƙirji, a tafiyar awa biyar, abin lura ne: ya sha ruwa akai-akai, ya miƙe ya taka, maganinsa ya kasance a jakar hannu. Ƙofofin kuma suna wajen mita 5 daga ƙasa. A filin da babu gadar shiga, mutum 500 ne za su hau tsani da jakunkuna, kuma in babu motar ɗaga marasa lafiya, lodin da ya kamata a gama cikin awa ɗaya zai ci biyu.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: banɗakin jirgi ba a yi shi don alwala ba. Ruwan da ya zuba a daɓe yana silalewa ta gefen shimfiɗa ya kwanta a kan ƙarafan da ke riƙe da daɓen, kuma ƙarƙashin banɗaki da wurin haɗa abinci su ne matattarar tsatsa a kowane tsohon jirgi. Jirgin da ya shekara goma yana jigilar alhazai, in za a saya, a ɗage daɓen waɗannan wurare a duba da ido kafin a yi maganar kuɗi.

Lissafin mai

A sararin sama 747-400 yana shan wajen tan 10 a awa. Daga Kano zuwa Jidda kusan kilomita 3,400 ne, kuma tun da yaƙin Sudan ya rufe sararin ƙasar a 2023 hanyar ta ƙara tsawo. A ƙaddara awa biyar, tan 50 ke nan. A raba wa mutum 500, kowa ya ci kilo 100. In rabin kujerun ne suka cika, kowa ya ci kilo 200, kuma kuɗin tikiti ba zai ninku don haka ba. Ga kuma halin aikin hajji: a zangon farko jirgi yana tafiya cike ya dawo wayam, a zango na biyu ya tafi wayam ya dawo cike, saboda haka kowane alhaji yana biyan man sawu huɗu ne. Abin da ke ceton 747 a nan shi ne yawan da yake kwasa. Najeriya ta samu gurbin mutum 95,000 a 2023 da 2024, lokacin jigila makonni ne ƙalilan, izinin sauka a Jidda da Madina kuma a ƙidaye yake. Jirgin da ke cinye maniyyatan ƙaramar hukuma biyu ko uku a tashi ɗaya yana da daraja a irin wannan matsi.

Wanda ya karya kasuwarsa ɗan gidansu ne. A da doka ta hana jirgi mai inji biyu yin nisan da ya wuce minti 60 daga filin da zai iya sauka, don haka ƙetare teku sai mai uku ko huɗu. Da injina suka ƙara aminci, aka ɗaga iyakar zuwa minti 120 a 1985, sannan 180 a 1988. Boeing 777 ya shigo a 1995, dogonsa 777-300ER ya biyo a 2004 da kujeru kusan na 747, yana shan tan 7 zuwa 8 a awa, injin da za a kai gyara kuma biyu ne maimakon huɗu. Daga nan sai sallama. United da Delta suka ajiye nasu a 2017, annobar korona ta kwashe na Qantas da KLM a 2020. Airbus ma da ya fito da A380 a 2007 don ya ƙwace wannan kasuwa, ya tarar kasuwar ce ke mutuwa, ya rufe layin a 2021.

Filin da zai karɓe shi

Titin sauka yana son faɗin mita 45 da kafaɗu masu kwalta, domin injinan waje suna rataye nesa da tsakiya, in gefen titi tsakuwa ce za su zuƙe ta. Juyawa a ƙarshen titi tana cin kusan faɗin titin duka, ko da ƙafafun ciki suna karkata su taimaka, shi ya sa ake buƙatar wurin juyi. 'Yan kwana-kwana sai sun kai mataki na 9 a ma'aunin hukumar jiragen sama ta duniya. Sai motar tura jirgi mai ƙarfin tan ɗaruruwa, injin loda kwantena, tsani biyu ko uku, da janareta da injin hura iska na ƙasa saboda ranar da ƙaramin injin jela, mai ba jirgi wuta da iska yana ƙasa, ya ƙi tashi. Rashin ɗaya daga cikin waɗannan yana iya kwantar da sawu guda, maniyyata su kwana a sansani suna zagin jirgin da ba shi da laifi.

Zafi yana rage masa ƙarfi. Iska mai zafi ba ta da kauri, inji ba ya samun abin turawa sosai, fiffike ma haka, sai gudun tashi ya ƙaru, titi ya gajarce. A tsakar ranar bazara a Sakkwato ko Maiduguri wannan lissafi ne na gaske. Sauƙin da ake samu shi ne tafiyar Jidda ba ta cin ko rabin tankunan: jirgi wayam wajen tan 180, mutane da kaya wajen 60, mai da rararsa wajen 65, an tsaya nesa da tan 397. Amma in matsala ta taso bayan tashi da cikakken lodi na dogon zango, nauyin sauka bai wuce wajen tan 285 ba, dole a zubar da mai ta bututun bakin fiffike kafin a dawo. Ƙurar hunturu kuma tana cin ruwan farfela a hankali, tana toshe ƙananan ramukan da ke sanyaya cikin inji, zafinsa ya riƙa hawa har a sauke shi kafin lokacinsa. Wanke cikin inji da ruwa a kan kari yana jinkirta hakan.

Inda yake lalacewa, da dalili

Tsohon doki sai mai shi, kuma mai 747 dole ya san tarihin haɗurransa, domin kusan kowanne ya bar wani gyara na tilas da za a nema a takardu. Shekarun jirgi ba su kai yawan tashi da saukarsa muhimmanci ba. Duk tashi gangar jiki tana kumbura da matsin iska, duk sauka tana saki, kuma wannan numfashi ne ke gajiyar da ƙarfe har ya tsage a bakin ramukan ƙusoshi. Jirgin da ya yi rayuwarsa yana dogon zango na awa 12 ya fi lafiya a kan sa'ansa da ya yi ta gajerun sawu.

A fara da faci. A 1978 wani 747 na Japan Airlines ya goga jela a ƙasa wajen sauka, bangon baya mai riƙe matsin iska ya tsage. Masu gyara daga Boeing suka yanka farantin haɗi gida biyu, wani sashe ya zama layin ƙusa ɗaya ne ke ɗauke da nauyin da aka tsara wa layi biyu. Shekara bakwai ba wanda ya gani. Ranar 12 ga Agustan 1985 bangon ya fashe, iskar ta ɓalle jela, ta tsinke layukan haidirolik huɗun a inda suka haɗu, mutum 520 suka rasu. Ninkin da ya ceci jirgin San Francisco bai yi amfani ba a nan, tunda duk layukan ta wuri ɗaya suka bi. Don haka kowane faci a jikin jirgi sai an ga takardarsa: wa ya yi, da wane zane, yaushe za a sake dubawa. Facin da ba shi da takarda, a ɗauka ba a yi shi daidai ba.

Sai maratayar inji. An rataye kowane inji da wasu ƙusoshi masu rami a ciki, waɗanda aka tsara su karye in an yi mummunan karo, injin ya faɗi bai yage tankin fiffike ba. A Oktoban 1992 na wani jirgin kaya na El Al suka karye saboda gajiya jim kaɗan bayan tashi daga Amsterdam, inji na uku ya fizge ya tafi da na huɗu, jirgin ya faɗa kan benen mutane, 43 suka mutu. Bayan haka aka wajabta ƙarfafa maratayar. Ƙofar kaya ita ma ta taɓa ci: tana buɗewa waje ne, kuma a Fabrairun 1989 ta wani jirgin United ta ɓalle bayan tashi daga Honolulu, wayar da ta haɗu ta juya makullan, sakatun alminiyom suka kasa riƙewa, mutum 9 suka fita da kujerunsu. An mayar da sakatun na baƙin ƙarfe.

Wanda ya fi shafar ƙasashe masu zafi shi ne tankin tsakiya. Na'urorin sanyaya ɗaki suna ƙarƙashinsa, kuma suna fitar da zafi. In jirgi ya daɗe a ƙasa da rana suna aiki, tankin kuma saura ɗan mai a gindinsa, man yakan zama tururi mai jiran tartsatsi. Haka ta faru da jirgin TWA a Yulin 1996 bayan tashi daga New York, tankin ya fashe, mutum 230 suka rasu. A 2008 hukumar jiragen Amurka ta wajabta rage haɗarin, galibi da na'urar da ke cika sararin tankin da iskar naitirojin wadda ba ta kama wuta. Jirgin da zai riƙa jiran lodi a zafin Jidda da tankin tsakiya kusan wayam, tunda gajeren zango ba ya buƙatarsa, a tabbatar yana da ita kuma tana aiki.

Araha ba ta ado. Kuɗin sayen tsohon 747 ƙarami ne a kan abin da ke biyo baya. Babban bincike yana zuwa duk bayan wata 18 zuwa 24, ya ci makonni. Mafi girma, wanda ake kwance kujeru da daɓe da bango har a ga ƙarfe tsirara, yana zuwa bayan shekara shida zuwa takwas, kuma kuɗinsa kan zarce darajar jirgin, shi ya sa yawancinsu a bakin wannan bincike ake yanka su. Ƙafafu suna zuwa gyaran gaba ɗaya wajen duk shekara 10. A cikin inji akwai faya-fayai da sanduna masu ƙayyadadden adadin tashi, in ya cika sai a jefar ko da suna ƙyalli, kuma wanda tarihinsa ya yanke a takarda tamkar ya cika ne. Masu wayo sukan sayi jirgi na biyu don kawai su riƙa cire masa kaya. Duk wannan aiki a ƙasashen waje ake yinsa, da dala.

Zaman banza ma yana kashe shi, kuma wannan ita ce cutar jirgin hajji, mai aikin wata uku ya huta tara. Ruwa yana taruwa a gindin tanki, ƙwayoyin cuta su yi kaka-gida su ci alminiyom su toshe matatar mai, don haka ana tsiyaye shi a kan kari. Tayoyi suna lotsewa in ba a juya su ba. Robobin haidirolik suna bushewa su fara yoyo. Tsuntsaye suna sheƙa a bakin inji, zanzaro kuma yana gina ɗakinsa a cikin siririn bututun auna gudu, wanda toshewarsa ke sa agogo ya yi wa matuƙi ƙarya, shi ya sa ake rufe su da murfi mai jan ƙyalle. Matuƙan ma suna tsatsa: doka tana son tashi uku da sauka uku cikin kwana 90, ga gwaji a na'urar koyon tuƙi duk wata shida, ita ma a waje. Kamfanin da ya samo wa jirginsa aikin umara ko haya a sauran watanni ya fi wanda ya lulluɓe shi ya tafi.

Game da goyon bayan kamfanin da ya ƙera shi, Boeing na yau ba na zamanin Sutter ba ne. Ya haɗe da McDonnell Douglas a 1997, ya ɗauke hedkwata daga Seattle zuwa Chicago a 2001, kuma faɗuwar 737 MAX biyu, a Indunusiya a 2018 da Habasha a 2019, da suka ci rayuka 346, ta zubar masa da mutunci ƙwarai. Wannan bai taɓa ingancin zanen 747 ba, kuma takardun gyara suna ci gaba da fitowa. Sai dai hankalin kamfanin yana wani wuri, ƙananan masana'antun da ke yi masa sassa kuma suna rufe layukansu ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan dako

A nan ne har yanzu ba shi da na biyu a jiragen kasuwa na Yammacin duniya. Samfurin 747-400F yana ɗaukar tan 110 da ɗoriya, faifan lodi 30 a babban daɓe. Na ƙarshe a gidan, 747-8, ya fara aiki da Cargolux a 2011, yana da injinan GEnx masu sauƙin sha, yana ɗaukar sama da tan 130. An ƙera 155, 107 daga ciki na kaya ne, na fasinja 48 kacal, galibinsu a hannun Lufthansa da Korean Air da Air China. Fiffikensa ya kai mita 68, tsawonsa 76, don haka ya haura zuwa ajin filayen A380, ba kowane filin da ke karɓar 747-400 ne zai karɓe shi ba.

Mai neman na kaya ya bambance iri biyu. Wanda aka haifa ɗan dako yana da hanci mai ɗagawa sama, ta nan ake zura bututun haƙar mai, sandar injin wuta, ko duk wani dogon abu da ba zai lanƙwasa ta ƙofar gefe ba. Wanda aka juya daga na fasinja ƙofar gefe kawai aka yanka masa a bayan fiffiken hagu, hancinsa a rufe yake, ga nauyin dogon benen da yake ɗauke da shi a banza. Ya fi araha, amma kayan da ake biya da tsada saboda tsawonsu ba za su shiga ba.

Ɗaurin kaya a cikinsa ba wurin ganganci ba ne. A Afrilun 2013 wani 747-400 na kaya ya tashi daga Bagram a Afganistan da motocin soja masu sulke guda biyar. Igiyoyin ɗaurin ba su kai adadin da nauyin yake buƙata ba, ta bayan ta tsinke ta gangara, ta fasa bangon baya ta lalata haidirolik da sandar da ke juya fiffiken jela, hanci ya ɗaga sama ya ƙi saukowa, mutum 7 da ke ciki suka rasu. Kowace igiya tana da nauyin da aka rubuta mata, kuma wannan adadi yana raguwa gwargwadon karkatar da aka ja ta, saboda haka ana lissafa ɗaurin gaba da na baya da na sama da na gefe daban-daban, a kuma ɗaura a maƙalan da littafin lodi na Boeing ya nuna, ba duk inda hannu ya kai ba.